Kara na Ashirin da Uku

Shekaranjiya da safe ina tsugune gaban murhu ina ɗumama tuwo, sanyi ya hana ni miƙe yatsu, sai jikata ta zo ta raɓa jikina da kayan makarantarta, ta yi shiru. Yarinyar nan ba ta iya shiru ba, saboda haka na san da magana. Can ta ce, “Kaka, kina ga can makarantarmu ta gida an share sunana?” Wata biyar ke nan da muka baro ƙauye muka dawo Ƙaura Namoda, muna zaune a ɗaki biyu na aro gidan wani ɗan'uwan ubanta, an kuma samar mata makaranta a nan, har da riga mai aljihu. Na ce, “Ke ƙawata, ba ga ki da sabuwa ba? Mi za ki yi da suna wuri biyu?” Ta ce ita dai ba ta son a share. Na buɗe baki zan yi mata tsiya yadda na saba, sai wata ƙawar ƙuruciyata ta faɗo mini a rai, tuwo kuma ya kama a gindin tukunya. Na daɗe ban tuna da Dudu ba.

Ban sani ba ko sanyin ne ya canza ko fatata ce. Na yanzu yakan shiga ƙashi ya zauna, ba ya zuwa da komai sai ciwon gwiwa. Namu na da kuwa da hayaniyarsa yake zuwa. An gama girbi, rumbuna sun cika, tun kafin rana ta fito za ka ji sussuka na tashi daga gida zuwa gida, taɓarya na amsa wa taɓarya. Mu yara a tashe mu a miƙa mana tulu, mu tafi rijiya muna karkarwa, abin mamaki kuma ruwan da guga zai fito da shi da ɗuminsa, har da ɗan tururi. Na tambayi kakata wa ke hura wuta a ƙasan rijiya, ta ce in bari in na girma na sani. Ga shi na girma har na tsufa, babu wanda ya gaya mini. Mu dawo a shafe mana ƙafa da man kaɗe saboda faso, a ba mu kunu mu sha a tsaye, sai mu ji an buga tsohuwar garmar da aka rataye a jikin tsamiyar makaranta. Yanzu jikata keke napep ne ke yi mata ƙaho a bakin titi, ta fita da safa a ƙafa, amma ta fi ni kukan sanyi.

Yadda aka yi na shiga makarantar ma ban gane ba. Mai gari ya ce kowane gida a ba da yaro ɗaya. Babanmu ya dubi yayyena maza, ya tuna gona, sai ya dube ni. Aka ba ni allo baƙi da alli, aka ce in fara rubutu daga hagu, alhali da yamma a makarantar allo daga dama ake farawa, kuma kowane malami da bulalarsa. Na kan tsaya da alli a hannu ina tunanin yau a wace makaranta nake. Wata rana Malam ya ce duniya tana juyawa. Na kai wa kakata labari da gudu, ta ce in koma in tambaye shi me ya sa ƙofar ɗakinta har yau gabas take kallo. Ban tambaya ba, na dai riƙe duka biyun a raina, kowanne na ga kamar yana da gaskiya.

Abu ɗaya ne na gane sarai a aji ɗaya, shi ne wutar Malam. Ajinmu da rufin kwano yake, da sanyi kuwa kamar cikin randa, alli ma ba ya riƙuwa. Sai Malam ya sa doka: kowane yaro ya zo da ɗan ƙunshin kara, daidai abin da hannunsa zai rungumo, a ɗaure da kaba. Mu jera su a ƙasa bayan aji inda rana ke fara sauka, mu tsaya a kansu mu ƙirga da ƙarfi baki ɗaya. Mu ashirin da uku ne a ajin. In ƙunshi ya kai ashirin da uku, Malam ba ya wahalar da kansa da kiran suna, sai ya zaro hannu daga cikin riga, ya buɗe rajista ya bi kowa ya ɗiga masa alama, ya mai da hannun. In bai kai ba ne ake kiran suna a ga wa ya yi fashi. Kullum kuma sai ya maimaita mana, “Wanda karanshi yaz zo, ya zo. Wanda bai kawo ba, ko na gan shi ban gan shi ba.” Daga nan ya kunna wuta, ya jefa ƙunshi biyu ya ce, “Saura nawa?” Mu ƙirga. Ya jefa uku, “Saura nawa?” Haka na koyi ɗebewa, abin da wuta ta ci shi ne aka ɗebe. Masu dankali su tura cikin toka, masu gyaɗar kala su watsa a gefe, ƙamshi ya cika wurin. Ba yabon kai ba, a ƙirgar nan babu wanda ya kama ƙafata.

Dudu ta shigo cikinmu ne ta hanyar shanu. A lokacin, da an kwashe amfanin gona sai Fulani su sauko da garkensu, kowane manomi yana roƙon a sauka a gonarsa, shanu su ci abin da ya rage su bar masa taki. Baban Dudu a gonarmu yake sauka, babanmu ya kai masa damin gero, su kuma su aiko mana da nono a ƙwarya mai faifai. Dudu ce ke kawowa. Sa'ata ce, siririya, da kitso mai wuri biyu a goshi, ba ta kiran sunana sai dai “Kaɗo”, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ni kuma in ce mata “'yar ruga”. Rannan ta biyo ni har makaranta don ta ga wutar da nake ba ta labari. Malam ya gan ta tsaye nesa tana rawar sanyi, ya ce ta matso, ya tambaye ta shanunsu nawa. Ta ce ba a ƙirga shanu, amma ta san kowace da sunanta, ta kama jero masa su har ya ɗaga hannu. Da yamma ya hau kekensa ya je ya sami babanta, washegari aka rubuta ta a rajista, a ƙasan sunana. Da ita ne muka koma ashirin da uku, don kafin zuwanta an ɗebe mana ɗaya.

Wanda aka ɗebe ɗin Sale ne, wani yaro mai yawan majina da ke zama a bayana. Ya yi kwanaki bai zo ba. Wata safiya wani mutum ya zo ya yi wa Malam magana a kunne, Malam ya dawo ya buɗe rajista, ya ɗauko alƙalami mai jar tawada, ya ja layi a kan sunan Sale tun daga wannan gefe har wancan, muna kallo. Bai ce mana komai ba. Da aka tashi na isa gida, na tarar da mata suna ɗaukar mayafi za su gidan su Sale, wai ya rasu. Ni fa da idona na ga an ja layi da safe, da rana kuma na ji mutuwa. Me kuke so yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗauka? Ban gaya wa kowa ba, amma daga ranar, in Malam ya taɓa alƙalamin nan sai in rufe ido. Hedimasta kuwa yana da tasa dokar da yake faɗa a taro: duk wanda ya yi mako biyu bai zo ba, za a ja masa ja.

Sanyi bai ƙare ba ciyawar gonarmu ta ƙare. Na je da safe in kira Dudu, na tarar an kwance bukkoki, an ɗora wa jakuna kaya, shanu sun riga sun yi gaba. Na riƙe hannunta na ce, “Ba ki iya tahiya, za a ja miki ja.” Ta yi dariya ta ce, “Kaɗo, shanu ba su san ja ba. In sanyi ya dawo mu dawo.” Na so in gaya mata zancen Sale, bakina ya ƙi, don ina tsoron in na faɗa ya tabbata. Innarta ta kira ta, ta zare hannunta ta bi su tana waiwaye. Na tsaya a cikin kashin shanu ina kuka, har na ji an buga garma.

A hanya dabara ta zo mini, kuma har ga Allah na ɗauka ba a taɓa yin mai wayo irina ba. Malam ai da bakinsa ya ce wanda karansa ya zo ya zo. Na koma gida da gudu na zaro wani ƙunshi daga karan da babanmu ya jingine don gyaran danga, na ɓoye shi cikin zane. Aka jera, na ajiye nawa, na faki ido na ajiye na biyu a can ƙarshe. Aka ƙirga, ashirin da uku. Malam ya ɗaga kai ya dubi inda Dudu ke tsayawa, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya zaro hannu ya bi rajista ya ɗiga wa kowa. Na yi haka washegari, na yi jibi, na yi har na daina lissafin kwana. Innata ta fara cewa akwai akuyar da ke cin dangarta ta sama. Da ta kama ni ta ce, “Ke wace irin ɗiya ta? Kowa ɗaya shi ka kaiwa, ke biyu. Sanyinki ya hi na kowa?” Na ce e. Ta ɗaka mini duka a baya, na tafi da karana biyu.

Ranar da abin ya fashe, hedimasta ne ya zagayo duba waɗanda za su wuce aji biyu. Mutum ne dogo mai gilashi, ba ya zama kusa da wuta wai kada rigarsa ta yi warin hayaƙi. Aka ƙirga kara a gabansa, ashirin da uku. Ya dubi rajista ya gyaɗa kai. Sai ya ce da Malam, “Wa ya hi iya ƙirga cikinsu?” Malam ya nuna ni. Hedimasta ya ce, “Taho, ƙirga min 'yan ajinku, ki hwara da kanki.” Na dafa ƙirjina na ce ɗaya, na bi layi ina taɓa kai, har na kai yaro na ƙarshe a ashirin da biyu. In na tsaya a nan, na ɗebe Dudu da bakina. Na matsa gaba taku ɗaya, na miƙa hannu na dafa iska, na ce, “Ashirin da uku.”

Yara suka kwashe da dariya. Hedimasta ya ce, “Sake.” Na sake, na kuma dafa iska. Ya ce, “Wa kika taɓa nan?” Ya sa wani yaro ya ƙirga, ya samu ashirin da biyu. Ya juya ga Malam ya ce, “Wagga ita ta gwanarka? To kara ashirin da uku, mutum ashirin da biyu, wane lissahi na wanga?” Ya ce kowa ya ɗauki ƙunshinsa. Kowa ya ɗauka, ni ma na ɗauki ɗaya, aka bar ɗaya kwance a ƙasa shi kaɗai. Ya ce, “Na wa na?” Na ce, “Na Dudu.” Ya ce, “Ina Dudun?” Wani mai baki ya ce ai sun tashi da shanu tun tuni. Hedimasta ya karɓi rajista, ya laluba aljihu ya zaro nasa alƙalamin, ya cire murfi, na hango jan a bakinsa. Ban san lokacin da na yar da karana ba. Na dai ji ni rataye a hannun rigarsa ina ihu, “Don Allah kak ka kashe ta! Ta ce za ta dawo!”

Hedimasta ya dube ni kamar ya ga mai aljanu. Malam ne ya zo ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Ranka shi daɗe, bar min littahin, ajina na, ni ka gyara shi.” Hedimasta ya miƙa masa, ya kakkaɓe hannun riga, ya ce, “Ka gyara. Ita kau wagga ka san inda za ka aje ta.” Da ya tafi Malam ya tsuguna a gabana ya ce, “Wa yac ce miki tawada na kashe mutum?” Na ce, “To Sale hwa?” Sannan ya yi mini bayani a hankali, wai Sale ya riga ya rasu tun da asuba, labarin ne aka kawo masa, shi ya sa ya ja. Na saurara, amma ni dai abin da na gani na gani. Na ce, “Ka ja ma Dudu?” Ya ce, “Gobe ki kawo ɗaya.” Na sake tambaya, ya ce in je in ɗauki karana a kunna wuta.

Na kawo ɗaya. Aka ƙirga ashirin da biyu, aka kuma daina kiran sunanta. Sanyi ya wuce, zafi ya zo, damina ta sauka, kullum ina leƙen rajista daga nesa, a lokacin kuwa ban iya karatu ba balle in gane layin wa aka ja. In na ji ana salati a wani gida sai in ce ko labarin Dudu ne ya iso. Da lokacin canjin aji ya yi aka kira sunayen masu wucewa, har da yaron da ba ya iya wuce goma sai ya cire takalmi, ni ba a kira ni ba. Yara suka laƙaba mini “Ashirin da Uku”, sunan ya bi ni har gidan miji. Babanmu bai doke ni ba, abin da ya yi ya fi duka zafi. Ya ce da innata a gabana, “Da na sani akuya nib ba su, da yanzu ta haihu.” Na koma aji ɗaya na zauna cikin ƙananan yara, na fi kowa tsawo, ina jin kunya kamar in nutse.

Sai ga sanyi ya dawo. Wata safiya ina hanyar rijiya na ji kukan maruƙa daga wajen gonarmu. Ban je ba, tsoro nake ji in tarar da su babu ita. Na koma gida na ɗaure ƙunshi biyu, a fili wannan karon, na wuce innata tana kallona. Muna cikin jera kara sai na ji an ce daga bayana, “Kaɗo, har yanzu nan kike? An ɗaure ki awa maraƙi?” Na juya. Ta ƙara tsawo, haƙorinta ɗaya ya fita, wurin nan biyu na nan a goshinta. Na kama damtsenta na mintsine ta da ƙarfi don in tabbata, ta kuwa rama. Malam bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce yau sai an kira suna. Ya buɗe rajistar sabuwar shekara, bai ɗauki alƙalami ba, bai rubuta komai ba, ya bi suna yana kira har ya zo kaina, na amsa. Sai ya kira na ƙasa da ni. Dudu ta ce, “Na'am.” Ashe tun farkon shekara sunan na nan yana jiranta.

Har yau ban san me ya sa aka bar ni a aji ɗaya ba. Hedimasta ne ya ce daƙiƙiya ce, ko Malam ne ya ga in na wuce Dudu za ta dawo ta tarar da baƙin fuska? Na yi niyyar tambayarsa in na girma, aka yi masa canji zuwa wajen Shinkafi, ban sake ganinsa ba. Dudu ma sanyi biyu kawai muka ƙara tare, a na uku wasu Fulanin ne suka sauka, suka ce ba su san inda su Dudu suka nufa ba. Abin da ya biyo baya kuwa ya fi ƙarfin kaina. Gonar da ake roƙon shanu su kwana a ciki yanzu mai ita ma ba ya iya zuwa. An daina aiko da nono, an daina kai dami, kowa na tsoron kowa, an yi kuka a gari an yi kuka a ruga. Mutane suna ta yi mini bayanin yadda abin ya faro, ina saurare kamar yadda na saurari Malam a kan Sale. Ni dai na san mun ji ɗumi a wuta ɗaya. In tana raye, ban san a wane gari take raɓe ba, ko ita ma wata jikar na yi mata irin tambayar da aka yi mini.

Duk wannan na ba jikata labari, tuwo na ƙonewa, har keke napep ya gaji da ƙaho ya tafi. Na zaci za ta yi mini dariya irin ta 'yan ajinmu. Sai ta ce, “Kaka, to ni wa za shi kai min kara?” Jiya da maƙwabcinmu mai babur ya ce zai leƙa ƙauye ya dubo gidansa da rana tsaka ya juyo, na tsayar da shi. Na tsinci kara a jikin dangar masu gida, jikata ta kawo zare muka ɗaure, na miƙa masa. Ya juya shi a hannu ya ce, “Inna, wanga hwa? Wa za ni ba?” Na ce ya ajiye a bayan aji, wajen da rana ke fara sauka. Ya ce, “Inna, makarantar ba kowa. Malamman ma sun tashi, awaki ka kwana ciki.” Jikata ta ɗago ta dube ni. Na ce, “Aje dai. In an zo ƙirga, a iske ta zo.”